Turmin Inna a Hawa na Bakwai

Sau uku kacal taɓaryar ta sauka aka fara dukan silin daga ƙasa. Gwaf, gwaf, gwaf, da sandar goge-goge, sannan muryar tsohuwar hawa na shida ta biyo taga tana zazzaga masifa da yarensu. Mero ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta gyara ɗaurin zaninta ta sake ɗaga taɓarya, amma kafin ta sauke, ƙaninta Ma'azu ya zabura daga kan katifa ya cafke ta a sama.

"Yaya, don girman Allah. So kike a kama ni ranar jajiberi?"

"Sakar min taɓarya."

"Wallahi har bakin lungu ake jin dakan nan. Jiya Harouna ya ce tun daga wajen mai sayar da lemo ya jiyo ki."

"Harouna ai ko yana Maraɗi sai ya ce ya jiyo. Saki, Auta. In ta huce ba za ta haɗu ba."

Ya saki. Tun yana rarrafe bai taɓa cin gardama da Mero ba, ba kuwa yanzu da yake da shekara talatin da uku da 'ya'ya uku zai fara ba. Ya koma ya zauna, ya toshe kunnuwansa da yatsu, sai ka ce hakan zai hana mutanen lungu ji.

Wata uku ke nan rabon Ma'azu da ya taka ƙasa. A da shi ne jagoran 'yan kasuwar Kano a Guangzhou ta ƙasar Sin, ya kai wannan kasuwar Baima, ya kai wancan ta Shisanhang, ya yi musu ciniki da ɗan guntun yaren da ya tsinta a bakin masu shaguna, kwana biyu ya raka kayansu tashar jiragen ruwa ta Nansha a loda a kwantena. Da aka fara shirin wasannin Olamfik sai aka daina sabunta wa baƙi biza, tasa kuwa ta mutu a farkon watan bakwai. An yi wasannin an gama, masu gudu sun yi gudunsu sun kwashi lambobinsu sun koma gida, amma 'yan sanda suna nan a bakin babban titi ƙarƙashin wata lema, duk baƙar fatar da ta gifta sai ta nuna fasfo. Wani Salihu da suka sani, ɗan Kurna, an kama shi tun watan biyar, har yau ba wanda ya san takamaiman ranar da za a tasa ƙeyarsa gida. Ita Mero takardarta da sauran wata huɗu, don haka ita ke fita cefane, ita ke dafa tuwon da take sayar wa 'yan kasuwa, shi kuma yana ɗaki yana jiran ƙura ta lafa. Dokar gidan ɗaya ce: ba a buɗe ƙofa sai an ƙwanƙwasa biyu, an dakata, an ƙara ɗaya.

Mero ta fi shi sanin haɗarin. Maganar ƙarshe da Inna ta yi mata a waya, sati ɗaya kafin ta rasu a watan Rajab, ba ta wuce wannan ba: "Auta amana ne a hannunki, Mero. Ki dawo min da shi yadda kika tafi da shi." Ba su je jana'iza ba. Shi in ya nufi filin jirgi kama shi za a yi, ita kuma in ta tafi wa zai kawo masa ko ruwan sha? Suka yi kukansu a wannan ɗakin, ƙasa-ƙasa, don kada maƙwabta su ji.

Da aka zo rabon gado, 'yan'uwa na ta ja-in-ja a kan gida da ɗan kunne, Mero ta aika cewa ita turmi kawai za a ba ta. Aka yi mata dariya a waya. Harouna, mutumin Maraɗi mai safarar wayoyin hannu, shi ya ɗauko shi a jirgi, naɗe cikin bargo, ya kuma rantse ba zai sake ɗaukar saƙon mace ba, don ma'aikatan filin jirgi sai da suka taru su shida a kansa suna ƙwanƙwasawa suna kasa kunne. Turmin ya girmi Mero. Bakinsa ya side, gindinsa ya tsage an ɗaure da waya. A cikinsa aka daka nakiyar kowace Sallah ta gidansu a Yakasai shekara arba'in da wani abu, kuma Mero ta ƙudurce a ranta cewa Sallar farko da ba Inna ba za ta zama ta farko da ba nakiya ba. Wannan taurin kan ne ya hana ta jin maganar Ma'azu, ko da yake ta san gaskiya yake faɗa.

Kwana uku tana fama. Ta jiƙa shinkafa, ta tsane, ta daka, ta tankaɗe. Ta soya garin a babbar tukunya har ya yi ja-ja, ƙamshinsa ya cika matattakala. Man shanu babu irin na gida, sai na gwangwani ta samo a shagon wasu Larabawa. Citta da kanumfari kuwa garin nan ba a rasa su, masoro ne kaɗai ta yi ta tattali tun daga Kano. Ga kwaɓin alkaki a roba ya kwana ya yi tsami, ga mai a kasko yana jira. Duk tana yi da azumi a bakinta, sai dai ta ɗan lasa da bakin harshe ta tofar.

Wajen azahar turmin farko ya haɗu, nakiya ta yi sheƙi ta daina kama jiki. Mero ta mulmula guda bakwai manya, ta jera a kwanon samira mai fure, ta ɗora alkaki huɗu na sahun farko a kai, ta rufe. Ta ɗauki mayafi.

"Ina za ki?" in ji Ma'azu.

"Ƙasa."

"Wajen wa?"

"Ka manta al'adar gidanku ne? Kwanon farko na wa ne?"

Bai manta ba. A gidan Inna kwanon farko na Sallah ba na mai unguwa ba ne, ba na liman ba ne, na maƙwabcin da aka fi yin faɗa da shi a shekarar ne. Shi kansa Ma'azu ya sha kai wa wata Ladi mai koko, wadda awakinta suka addabe su, yana tafe yana ƙunƙuni.

"Yaya, wannan a Yakasai ne. Matar nan kullum tana bakin lungu tana gyaran takalma, taku nawa ne tsakaninta da lemar 'yan sanda? Shekaranjiya da ta hawo ta leƙa ɗakin nan, ina banɗaki a maƙale, kin ga kallon da ta yi wa turmin? Wa ya san me ta je ta faɗa?"

"Da ta faɗa da tuni an zo."

"Ke dai kin fi son turmin nan da ni."

Maganar ta soke ta, amma ba ta nuna ba. Ta ce ya sa sakata, ta sauka.

Tsohuwar, wadda kowa a ginin ke kira Popo, ta buɗe ƙofa da sarƙa a maƙale. 'Yar ƙarama ce, gashinta fari fat an yanke shi daidai kunne, yatsunta baƙi ƙirin da gam ɗin takalmi. Tana ganin Mero ta ɗora daga inda ta tsaya. Ta nuna silin, ta nuna kanta, ta ɗauko kofin shayi ta nuna ƙurar siminti da ta zuba a ciki. Mero ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta buɗe kwano ta miƙa.

"Nihaw, Popo. Gobe Sallah. Ci ki ji."

Tsohuwar ta kalli kwanon da zargi. Ta ziro hannu ta tsakanin ƙofa, ta mintsini nakiya, ta shinshina, ta sa a baki. Citta ta kama mata maƙogwaro ta yi tari har da hawaye. Ta sake mintsina, wannan karon babba. Ta saman kanta Mero ta hango ɗakin: kujera ɗaya, gado ɗaya, hoton wani tsoho a bango da turare na ci a gabansa, ga tulin falankan robar tafin takalmi a kusurwa. Popo ta cire sarƙa, ta fizge kwanon, ta faɗi wata kalma guda da ƙarfi, ta maida ƙofa garam.

"Me ta ce?" in ji Ma'azu da Mero ta dawo.

"Ta ce a gaishe ka."

Ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa. Rabon da ta ji dariyarsa har ta manta.

Bayan la'asar Mero na tsaye a kan kasko tana juya alkaki sahu na uku, turmi na biyu na tsakar ɗaki da rabin daka, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba biyu da ɗaya ba ne, bugu ne na tafin hannu, ba tsari. Ma'azu ya miƙe tsaye cak. Mero ta lallaɓa ta sa ido a 'yar hudar ƙofa. Popo ce, riƙe da kwanon samira da hannu biyu, ta maƙale wani baƙin abu a hammata.

"Ita ce. Kwano ta dawo da shi."

"Kada ki buɗe," ya ce da raɗa.

"A bar tsohuwa a tsaye da kwano a hannu? A wane gari?"

Ta zare sakata.

Hudar ƙofa ba ta nuna matattakala. Mutum uku ne a laɓe a can, da alama sun jima suna jiran abin da zai sa a buɗe. Na gaba ya bangaji Popo da kafaɗa, ta yi sama kamar 'yar tsana, ta faɗo cikin ɗakin, ƙeyarta ta daki bakin turmi. Ƙarar ba ta da yawa. Kwanon ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin tebur. Kafin Mero ta buɗe baki an sharara mata mari da bayan hannu, ta bugu da bango, wuta ta gifta a idonta. Na ƙarshensu ya maida ƙofa ya sa sakata.

"Huja'o! Huja'o!" in ji na gaban, wato fasfo. Jan ƙyalle ne ɗaure a dantsensa, da guntun bututun ƙarfe a hannu.

Ma'azu ya riga ya ɗaga hannuwa sama, sai idonsa ya sauka a ƙafafunsu. Silifas ne na roba, ɗaya ma an ɗinke shi da waya. Harouna ya taɓa ba su labarin irinsu, masu bin gidajen baƙin da takardunsu suka mutu, don sun san wanda ba shi da biza ba ya kai ƙara.

"Yaya, ba 'yan sanda ba ne. Ɓarayi ne."

Bututun ya same shi a baki. Ya durƙushe, jini da haƙori guda suka zubo a tabarma. Aka ƙara masa a kafaɗa, aka ƙara a haƙarƙari. Abin da Mero ba za ta manta ba har ta mutu shi ne bai yi ihu ba. Ya cusa hannun rigarsa a baki ya cije, ana dukansa yana gurnani ƙasa-ƙasa, don ya san ihu zai tara jama'a, jama'a kuma za su kira masu lema. Ita ma ihun ya zo mata har maƙogwaro ta haɗiye shi. Ɓarayin sun san da haka, shi ya sa ba sa ko sauri.

Ɗaya ya shiga birkice ɗaki. Ya farke katifa, ya zazzage akwati, ya kwashe wayoyi biyu da jakar hannun Mero, ya sa ƙafa ya shure tiren nakiya ta watse. Na ukun, wani siriri mai tabo a haɓa, ya zaro doguwar wuƙa irin ta masu yanka kankana. Ya damƙi gashin Ma'azu ya ɗaga kansa, ya ɗora kaifin a gefen wuyansa, ya dubi Mero yana murza yatsu biyu.

"Meyo," ta ce. "Babu. Wallahi meyo. Abin da ke jakar nan shi ke nan."

Siririn ya yi murmushi, ya ja wuƙar kaɗan. Fatar kunnen Ma'azu ta rabe, jini ya biyo wuyansa ya shiga riga. Ma'azu ya runtse ido, leɓunansa na motsi da kalmar shahada.

Mero ba ta yi shawara da zuciyarta ba. Baya take ja tun ɗazu, har ƙugunta ya taɓa teburin girki, zafin wuta na dukan bayanta. Ba tsumma a kusa. Ta juya ta kama kunnuwan kaskon da tafin hannunta, ta ji naman yana kamawa, ta ɗaga, ta sheƙa.

Mai jan ƙyalle ne ya fi kusa, shi ya kwashi rabonsa a fuska da ƙirji, da alkaki biyar a ciki. Ihun da 'yan gidan suka hana kansu shi ya yi musu shi, ihun da ya ratsa ginin tun daga sama har ƙasa. Ya yar da bututu ya dafe fuska yana tsalle, ya zame a man ya faɗi. Siririn ya waiga, man ya ɗan fallatsar masa a hannu, sai ya saki gashin Ma'azu ya yo kan Mero da wuƙa. Ta riga shi kai hannu ga taɓarya. Shekara talatin tana daka, hannunta ya san inda ake saukewa. Ta sauke masa a tsintsiyar hannu, ƙashin ya ce ƙas, wuƙar ta faɗi. Ta sake ɗagawa ta ba shi a gwiwa.

"Ku zo!" Yanzu kam ihu take, ba ta ma san tana yi ba. "Matsiyata! 'Ya'yan asara! A cikin azumi? Ku zo ku karɓa!"

Ma'azu ya taso da jini a fuska ya rungumi ƙafafun mai jaka, suka zube tare a kan tebur, tebur ya karye. Mutumin ya sa masa gwiwar hannu a ido, ya ƙwace, ya fizgi ɗan kunnen Mero a kan hanyarsa har ya yaga kunnen, ya zare sakata. Suka ja ɗan'uwansu da ya ƙone, suka gangara matattakala suna karo da bango. Ƙarar silifas ɗinsu ta yi nisa, ta ɓace.

Ɗakin ya yi tsit, sai wutar gas da ke ci ba komai a kanta. Mero ta kashe ta da gwiwar hannu. Sai a lokacin ta dubi tafukanta, sun yi fari sun tashi, fatar ta kwaɓe a gindin yatsu. Zafin ya taso mata gaba ɗaya har sai da ta durƙusa.

"Yaya," in ji Ma'azu. "Tsohuwar."

Popo na kwance inda ta faɗi. Jini ya jiƙa farin gashinta ya malala ƙarƙashin turmi. Idonta a rufe, tana wani irin minshari mai ban tsoro. Mero ta kira ta, ta girgiza ta, ba ta motsa ba. Ma'azu ya yage zanin gado ya ɗaure mata kai, nan da nan ƙyallen ya rine.

Wata tsohuwar waya ta tsira a ƙarƙashin filo. Ma'azu ya kira Harouna, don shi ya fi su jin yaren. Harouna yana Nansha wajen lodi, tafiyar awa biyu. Ya ce su dakata, ya kira motar asibiti, ya sake kiransu.

"Suna zuwa, amma sun ce motar ba ta shiga lungunku, ko keke da ƙyar yake wucewa. A fito da ita bakin babban titi. Sun ce in kai ne ya fashe kada a ɓata lokaci." Ya ƙara da cewa, "Ma'azu, kai kuma ka bar gidan nan yanzun nan. Ka hau rufi ka tsallaka ginin baya, akwai yaranmu a hawa na huɗu. Ka ji ko?"

Mero ta ji komai. Ta ce, "Tashi ka tafi."

"Ke fa?"

"Ni takardata lafiya lau. Tafi, Auta, kada ka sa in yi maka baki."

Ya fita yana dafe da haƙarƙari. Mero ta bi ƙofofin hawa na bakwai da na shida tana duka da ƙafa, tana kiran sunan Popo, tana nuna sama. Ta ji motsi a bayan ƙofofin, ta ga inuwa a hudoji, amma ba wanda ya buɗe. Ba ta ga laifinsu sosai ba, sun ji ihu, sun ga jini a matattakala, ga kuma baƙar mace tana dukan ƙofa. Ta koma ta durƙusa ta zura dantsenta ƙarƙashin tsohuwar. 'Yar mitsitsiyar mata, amma da Mero ta yunƙura sai tafukanta suka gogi tabarma, ta saki ƙara, suka koma ƙasa tare. Ta sake gwadawa, ta sake kasawa. Hawa bakwai ne, ba na'urar hawa, sannan lungu mai tsawo. Minsharin tsohuwar ya fara yin nisa tsakani.

Mero ta zauna dirshan a cikin mai da jini da garin nakiya. Ita ta yi dakan da ya nuna wa ɓarayi gidan. Ita ta kai kwanon da ya hawo da matar nan. Ita ta zare sakata. Ta tuna muryar Inna a waya. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙofa.

"Auta."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma bukaci hakan ba. Yana nan zaune a matakalar da ke hawa rufi, bai je ko'ina ba. Ya shigo.

"Durƙusa," ta ce.

"Yaya, kin san abin da ke bakin titi."

"Na sani."

"To." Ya share jinin bakinsa. "Dama jira nake ki faɗa."

Ya durƙusa ya juya baya. Da dantse da haƙora Mero ta taimaka ya ja tsohuwar ta kwanta a gadon bayansa, kanta a kafaɗarsa mai lafiya. Ta ciro zanin Sallarta sabo daga cikin kayan da aka watsar, ta yafa musu, ta zagayo da shi ta ƙirjinsa. Yatsunta ba sa lanƙwasuwa, sai shi ya ɗaure tana gaya masa yadda ake yi, na sama a soke, na ƙasa a ƙulle, ta kawo mayafinta aka yi majanyi. Haka ta riƙa goya shi a Yakasai tana 'yar shekara goma sha biyu. Ta tsinci nakiya biyu da ba su taɓa ƙasa ba, ta tura masa a aljihu.

Suka sauka. A kowane hawa sai ya tsaya ya jingina goshi da bango ya ja numfashi, haƙarƙarinsa na soka. Da suka fito lungu ya runtse ido, wata uku bai ga rana a fili ba. Masu shaguna suka fito ƙofa. Mai lemo ya gane wadda ke bayan, ya yi wani kira, ya ruga gaba yana kore kekuna daga hanya. Suka wuce ɗan teburin Popo na gyaran takalma, an rufe shi da leda an danne da dutse. Mero na biye tana tallafe da kan tsohuwar da dantsenta, tana jin jama'a na taruwa a bayansu.

Motar asibiti na bakin titi, dab da lemar. 'Yan sanda biyu suka taso da gudu. Ɗaya, wani matashi mai tabarau, shi ya taimaka aka kwance zanin, aka kwantar da Popo a gadon ɗaukar marasa lafiya. Wata ma'aikaciya ta taɓa wuyanta, ta ɗaga fatar idonta, ta gyaɗa wa abokin aikinta kai, suka tura ta ciki da sauri. Wata kuma ta kama hannuwan Mero ta zuba musu ruwan magani ta naɗe da bandeji. Mai lemo na ta yi wa 'yan sandan bayani da hannu da ƙafa, yana nuna Ma'azu, yana nuna lungu. Mai tabarau ya saurara, ya dafa kafaɗar Ma'azu, har ya ɗaga masa babban yatsa. Sannan ya gyara tsayuwa, ya miƙa hannu.

"Huja'o."

Ma'azu ya ciro fasfon daga aljihun wando ya ba shi. Ashe ya ɗauko shi tun a sama. Mai tabarau ya buɗe, ya duba, ya daɗe yana duban shafin fiye da yadda karatunsa ke bukata. Ya nuna wa na biyun. Ba wanda ya ɗaga murya. Suka buɗe masa ƙofar baya ta motarsu.

Mero ta sha gabansu. Ta yi Hausa, ta yi ɗan Turancin kasuwa, ta yi "lawban, lawban," wato maigida, ta ɗaga naɗaɗɗun hannuwanta, ta nuna inda motar asibiti ta bi. Mai tabarau ya kawar da kai.

"Bari, Yaya," in ji Ma'azu. Bakinsa ya kumbura, maganar na fita da ƙyar. "Ki kira matata Hafsah, amma kada ki gaya mata sai yara sun dawo daga idi." Ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya waigo. "Na haɗiyi jini da yawa. Azumina yana nan?"

"Yana nan, Auta. In an sha ruwa ka duba aljihunka."

Wasu 'yan sandan biyu suka hau da ita, suka ɗauki hoton ɗakin, suka tafi da wuƙa da bututun, suka ba ta takarda ta zo ofishinsu da safe. Rana na gab da faɗuwa suka sauka. Ba ta sa sakata ba.

Ta fara tattara abin da zai tattaru da ƙafa da dantse. A ƙarƙashin karyayyen tebur ta sami kwanon samira, murfin ya fita. Popo ba ta dawo da shi haka nan ba. Ta wanke shi tas, ta sa wasu kek guda biyu masu zane a kai, irin waɗanda Mero ta ga ana ta rabawa a garin sati biyu da suka wuce, lokacin bikinsu na cikar wata. Ɗaya ya farfashe.

Baƙin abin da tsohuwar ta maƙalo a hammata yana bayan ƙofa. Mero ta jawo shi da ƙafa. Robar tafin takalmi ce mai kauri, falle uku an haɗa da gam, an yanke ta da'ira, an goge gefen sumul. Gam ɗin bai gama bushewa ba. Ta daɗe tana juya ta, ba ta gane ko ta mece ce ba, sai da idonta ya kai kan turmi.

Ta goge jinin bakinsa da jiƙaƙƙen tsumma. Ta rungume shi ta karkata, ta tura robar da ƙafa, ta sauke. Robar ta zauna daidai gindinsa, ba ragi ba ƙari. Ashe kallon da Popo ta yi masa shekaranjiya awo take yi.

Nakiyar da ke ciki ta huce tuntuni, ta daskare, ba za ta ƙara haɗuwa ba. Duk da haka Mero ta maƙale taɓarya tsakanin dantsenta biyu, ta ɗaga iya yadda za ta iya, ta saki. Ƙarar ta fito a dushe, ko kofin da ke kan taga bai motsa ba. Ta tsaya da taɓaryar a ƙirji, ta kasa kunne ƙasa, tana jiran bugun sandar goge-goge.